Jikin Ɗan Arba'in a Birnin Shehu: Tsufa ne ko Yawan Zama?

Duk wanda ya saba sallar jam'i a masallatan birnin Sakkwato zai lura da wani abu da bai yawaita ba a shekarun baya, wato kujerun roba da ake jerawa a gefen sahu. A da can, in ka ga mutum yana salla a zaune, to ko dai tsoho ne tukuf ko kuwa majinyaci. A yau kuwa, cikin masu neman kujerun nan har da magidanta waɗanda ko furfura ba ta gama fito musu ba, 'yan shekara 45 zuwa 55, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da malaman makaranta. In ka tambayi ɗayansu, amsar ba ta wuce "gwiwa ce" ko "baya ne", sa'an nan ya cika da cewa, "ka san girma ya zo." Wannan magana ta ƙarshe ita ce za mu ɗora a kan ma'aunin ilmin halittu, domin mu rarrabe abin da shekaru suke ƙwacewa da ƙarfin tsiya daga abin da mu da kanmu muke miƙa musu.

Abin da shekaru suke ɗauka

Babu mai musun cewa jiki yana sauyawa. Daga shekara 30 zuwa sama, mutumin da ba ya wani aikin ƙarfi yakan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokar jikinsa a kowace shekara goma, kuma asarar takan ƙara sauri bayan shekara 60. Wani masani ɗan Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya raɗa wa wannan zaizayewa suna sakofiniya a 1989, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ƙarancin nama. Tsoka kuwa zare-zare ce, kuma zaren iri biyu ne. Akwai mai aiki a hankali wanda ba ya saurin gajiya, shi ne na tafiya da tsayuwa. Akwai kuma mai fizga, wanda mutum yake tashi zumbur da shi, ko ya tsallake kwata, ko ya tare kansa in ya yi tuntuɓe. Wannan na biyu shi ne yake fara ƙanƙancewa. Abin da yake ɓoye lamarin shi ne kitse yakan cike gurbin da tsoka ta bari, har ma ya kutsa tsakanin zaren nata, saboda haka sai cinya ta ci gaba da cika wando alhali ƙarfinta ya ragu.

Ita ma zuciya tana da nata lissafin. Iyakar bugun da za ta iya yi a minti ɗaya yana raguwa shekara bayan shekara, ko da mutum ɗan tsere ne. A wani ƙiyasi da Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa suka fitar a 2001, ana ninka shekarun mutum da 0.7, a ɗebe abin da aka samu daga 208. Ke nan ɗan shekara 20 zuciyarsa takan kai bugu 194, ɗan 50 kuwa 173. Manyan jijiyoyin jini sukan rage taushi, ƙashi ya rage kauri. Ga mata, lokacin ɗaukewar haila sinadarin estirojin yakan faɗi, sai ƙashin baya da na ƙugu su riƙa zaizayewa da kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara na ɗan wani lokaci.

To amma akwai wani laifi da aka daɗe ana ɗora wa shekaru wanda bincike ya wanke su daga gare shi. An saba cewa da zarar mutum ya kai arba'in sai jikinsa ya rage ƙona abinci, shi ya sa teɓa take fitowa. A 2021 Herman Pontzer da gungun masana suka buga sakamakon awon mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jaririn kwana 8 har tsoho mai shekara 95, a mujallar Science. Sun tarar cewa in aka yi la'akari da girman jiki da yawan tsoka, ƙona abinci ba ya sauyawa tsakanin shekara 20 da 60. Wato murhun yana nan yadda yake, itacen da ake tura masa ne ya ƙaru, aikin da ake sa shi kuma ya ragu.

Samari biyar a kan gado

A ganina babu binciken da ya fayyace wannan magana kamar wanda aka yi a birnin Dalas na Amurka a 1966. Bengt Saltin da Jere Mitchell da abokan aikinsu suka sami samari 5 lafiyayyu 'yan shekara 20, suka kwantar da su a gado har mako 3, ba tsayuwa ba tafiya. Kafin kwanciyar da bayanta an auna iyakar iskar oksijin da jikin kowannensu zai iya zuƙa ya yi aiki da ita a minti ɗaya yayin da yake aiki mafi tsanani. Wannan awo shi ne ma'aunin jimiri, domin ya haɗa aikin huhu da zuciya da jini da tsoka wuri ɗaya. Cikin kwana 21 kacal jimirin samarin nan ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan aka sa su atisaye na mako 8, suka mayar da abin da suka rasa har da riba.

Bayan shekara 30, wato a 1996, aka sake nemo mutanen nan biyar, a lokacin suna 'yan hamsin-hamsin. Matsakaicin nauyinsu ya tashi daga kilo 77 zuwa kilo 100, kitsen jikinsu ya ninka. Amma da aka auna jimirinsu sai aka ga ya ragu da kashi 11 cikin 100 ne kawai. Mai karatu ya dubi wannan da kyau: kwanciyar mako 3 a ƙuruciya ta yi wa zuciyarsu ɓarnar da shekara 30 ba ta yi ba. Sa'an nan aka ɗora su a kan tafiya da sassarfa da tuƙa keke na wata 6, ana ƙara musu kaɗan-kaɗan. A ƙarshen watannin jimirinsu ya koma daidai inda yake kafin su hau gado suna 'yan shekara 20, ko da yake bai kai ƙololuwar da suka taɓa kaiwa bayan atisayen ƙuruciya ba.

Mutum biyar ba su isa a kafa doka da su ba, kuma da aka sake auna su a 2006 suna da shekara 60 an ga raguwar ta ƙara sauri. Sai dai wani bincike mafi girma da Benjamin Levine ya jagoranta a wannan birni, wanda aka buga a 2018, ya ƙarfafa maganar. An ɗauki mutane 'yan shekara 45 zuwa 64 waɗanda ba su saba motsa jiki ba, aka sa rabinsu atisaye kwana 4 zuwa 5 a mako har shekara 2. Jimirinsu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100, kuma naman zuciyarsu da ya fara tauri ya sake yin laushi. Irin wannan gwaji da aka yi tun da farko a kan waɗanda suka haura shekara 65 ya ƙara musu jimiri, amma bai warware taurin zuciyar ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ga alama ɗanyantakar zuciya ba ta wuce shekarun nan na tsakiya da yawa.

Ita kuwa tsoka ta fi zuciya haƙuri. A 1990 Maria Fiatarone ta ba da rahoton wasu tsofaffi 10 'yan shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, waɗanda aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8. Mutum 9 da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa sau uku.

Yadda birni ya zaunar da mu

Mu dawo gida. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, cikinsu har da Anas Sabir da Simeon Isezuo, sun auna Fulani mazauna birnin Sakkwato da kuma 'yan'uwansu mazauna karkarar jihar. A rahoton da suka buga a 2011, kashi 4.6 cikin 100 na mazauna birni suna da ciwon sukari. A na 2013 kuwa, mazauna karkara ba su kai kashi 1 ba. Jini ɗaya ne, rana ɗaya take dukansu, tazarar da take tsakaninsu ba ta wuce tafiyar mota ta ɗan lokaci ba. Wani rahoton nasu na 2011 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na manyan da suka auna a jihar yana da hawan jini.

Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a ga abin da ya bambanta rayuwar biyu. Manomin fadamar Kwalkwalawa da muke wucewa a hanyarmu ta zuwa Dundaye, tun da sassafe yana sunkuye yana huɗa, yana jan ruwa, yana ɗaukar buhun albasa. Shi kuwa ma'aikaci ɗan Mabera ko Arkilla, daga ɗaki sai mota, daga mota sai kujerar ofis, da yamma sai tabarmar majalisa. Tun da baburan kabu-kabu suka cika gari, daga baya agwagwa-da-buje ta biyo su, tafiyar da ba ta fi ta minti goma ba ma sai an hau abin hawa. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya mayar da mutane da yawa bisa sawayensu, amma tattakin dole cikin rana da yunwa abu ne daban, ba kuma wanda zai yi wa talaka fatansa da sunan lafiya.

Tun a 1953 Jeremy Morris ya nuna illar zaman kujera a tsakanin ma'aikatan bas-bas masu bene na birnin Landan, su kimanin 31,000. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Mutuwar farat ɗaya ta ciwon zuciya a cikin kwandastoci ta kasance kusan rabin ta direbobi. Dalilin yana cikin tsokar kanta. Ita ce babbar ma'ajiyar sukarin da yake shiga jini bayan cin abinci, tana kwashe wajen kashi uku cikin huɗu nasa. A fatar kowane zaren tsoka akwai wasu ƙananan ƙofofi da sukari yake bi ya shiga. Sinadarin insulin yana buɗe su, amma motsin tsokar shi kaɗai ma yana buɗe su ba tare da insulin ba, kuma sukan ci gaba da saurin amsawa har kwana ɗaya ko biyu bayan aikin. In tsoka ta ragu kuma ta zauna, sai sukari ya rasa masauki ya yi ta yawo cikin jini. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2002, a kan mutum 3,234 da suke dab da kamuwa da ciwon sukari, ya nuna tafiyar minti 150 a mako tare da rage ƙiba kaɗan ta rage kamuwa da kashi 58 cikin 100, alhali ƙwayar magani ta metfomin ta rage da kashi 31. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Komawa fage

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Matsakaici shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗaga, mutum yana iya amsa gaisuwa amma ba zai iya jan dogon zance ba tare da ya tsaya ya shaƙi iska ba. Minti 30 a kwana 5 ya biya. Kashi na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali kuwa tafiya ba ta taɓa zaren nan mai fizga sosai. Ba a bukatar kayan ƙarfe masu tsada. Jarka mai lita 10 in an cika ta da ruwa kilo 10 ce. Mutum ya rungume ta ya zauna a kujera ya tashi sau 8 zuwa 12, ya huta, ya maimaita sau biyu ko uku. Ya dafa bango ko benci ya tura jikinsa da hannu, ya ɗaga duga-dugansa ya sauke. In abin ya zama wasa sai ya ƙara nauyi, domin tsoka ba ta ƙaruwa sai an tambaye ta abin da ya ɗan fi ƙarfinta.

A nan ne tsofaffin 'yan ƙwallo da waɗanda suka taɓa kokawa a ƙuruciya suke faɗawa rami. Kwanya tana riƙe da yadda ake gudu da murɗiya kamar jiya aka bari, huhu da tsoka kuma sukan farfaɗo cikin 'yan makonni, sai mutum ya ɗauka ya dawo. Amma jijiyoyin da suke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, da guringuntsin gwiwa, jini kaɗan ne yake isa gare su, saboda haka gyaransu na watanni ne. Tsinkewar agara ta fi yawa ga maza 'yan shekara 30 zuwa 50 masu zama duk mako su fito fili ranar hutu. Wanda ya shekara goma bai yi gudu ba, ya fara da tafiya wata biyu ko uku kafin ya gauraya ta da sassarfa, ƙwallo kuwa ta zo daga ƙarshe. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, wannan umurnin tsayawa ne. Su ma masu ciwon gwiwa na sanyin ƙashi, ƙarfafa cinya yana cikin abin da likitoci suke fara ba su shawara, domin cinya mai ƙarfi ita take rage wa gwiwa kaya.

Sai maganar rana, wadda mutumin Sakkwato ba ya bukatar a yi masa bayaninta. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40. A irin wannan yanayi zuciya aiki biyu take yi, tana kai jini ga tsoka, tana kuma kai shi ga fata domin a fitar da zafi, ga gumi da zai iya kai lita guda a sa'a ɗaya yana rage ruwan jinin. Da shekaru suna ƙaruwa, jin ƙishirwa yakan yi jinkiri, kuma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ƙara tsotse ruwa. Don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba kafin rana ta ɗaga, ko a kewayen filin wasa na Giginya ko a layin unguwa. Jiki yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Fitsari in ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Da azumi a jinkirta sai bayan buɗa-baki ko bayan Asham. Da hunturu kuma, ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ya yi abinsa a cikin ɗaki.

Amma na fi zaton abin da ya fi rana hana mu motsi shi ne girma. Magidanci mai rawani ko babbar riga in ya taka daga gida zuwa kasuwa, kafin ya yi nisa mutum uku sun tsaya: "Ranka ya daɗe, lafiya? Ina motar? Bismilla in rage maka hanya." In ya sa wandon wasa kuwa sai a ce Alhaji ya koma yaro. Teɓa kuma har yanzu wasu suna kallonta shaidar wadata. Wannan fahimta baƙuwa ce a tarihin garin nan. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a 1754, ya shafe shekaru yana zagaya ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi yana wa'azi, kuma yana dab da shekara 50 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Malaman da suka kafa wannan daula a bisa ƙafa da sirdi suka yi rayuwarsu, girmansu bai ragu ba. Maniyyaci ma ya tuna cewa safa da marwa kaɗai kimanin kilomita 3 ce, ban da ɗawafi da zirga-zirgar jifa a Mina.

Halin mata ya fi tsanani, kuma ba a cika maganarsa ba. Kakanninmu mata da turmi da taɓarya da gugar rijiya suka gina ƙashinsu, ba su san suna atisaye ba. Injin niƙa da famfo sun sauke musu wahala, babu mai hankalin da zai nemi a mayar da su, amma ba a ba su komai a madadin ba. Uwargida mai shekara 48 da take wuni a tsakar gida, 'ya'ya da 'yan aiki suna yi mata komai, ita ce ƙashinta ya fi kowa bukatar kaya a daidai wannan lokaci. Zagayen tsakar gida da sauri na minti 10 sau uku a rana lissafinsa ɗaya da minti 30 a jere, jarkar ruwan nan kuma ba ta san namiji ko mace ba. Zuwa Islamiyya ko barka da ƙafa tare da maƙwabta ya fi komai sauƙi, in maigida ya fahimci cewa magani ne.

Abinci ba shi ne batunmu ba, sai dai abu biyu. Tsokar mai shekaru ba ta amsa furotin da sauri kamar ta yaro, don haka ya kyautu kowane cin abinci ya ƙunshi wani abu daga wake, ko awara, ko nono, ko ƙwai, ko kifi, ko ƙuli-ƙuli, in ba mai ciwon ƙoda ba ne wanda likita ya ƙayyade masa. Na biyu, kwalbar lemo mai rabin lita tana iya ƙunsar sukari giram 50, wanda mai kilo 80 sai ya taka fiye da kilomita 3 kafin ya ƙone shi.

Kafin a fara, a auna jini. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, ko mai ciwon sukari, ko wanda zuciya ta taɓa yi wa gargaɗi, ya fara ganin likita, kuma kada ya riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi domin hakan yana cilla jini sama. Nauyin ƙirji, ko jiri, ko haki da ya wuce kima, dalili ne na tsayawa nan take a nufi asibiti.

Akwai awo biyu da kowa zai iya yi a ɗakinsa. Na farko, a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita a ɗan saman cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mafi haɗari domin hanta yake kwararawa. Na biyu, mutum ya zauna a tabarma ya tashi ba tare da ya dafa ƙasa ko gwiwa ba. Claudio Gil Araújo na ƙasar Barazil ya gwada wannan a kan mutum 2,002 'yan shekara 51 zuwa 80, ya bi su kimanin shekara 6, ya tarar waɗanda suka fi kasawa mutuwa a cikinsu ta ninka ta waɗanda suka fi iyawa sau biyar zuwa shida. Mai ciwon gwiwa kada ya gwada shi kaɗai.

Kada a dogara da sikeli a watannin farko, domin kitse yana iya tafiya tsoka tana dawowa, allura ba ta motsa ba. Ƙarfin da ake ji a mako biyu ko uku na farko ma aikin jijiyoyin saƙo ne da suka sake koyon tayar da zaren tsoka gaba ɗaya, kaurin naman sai bayan mako 6 zuwa 8 yake bayyana. Abin da ya fi saurin ba da labari shi ne bugun zuciya. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu da farkawa, kafin a sauko daga gado, a ƙirga na minti ɗaya, a rubuta a takarda da kwanan wata, sa'an nan a sake ƙirgawa bayan wata biyu.